Fuskar Taka Ce, To Hoton na Wa?

Jawabin da kwamitin sasanci ya gabatar a babban taron ƙungiya na Nguru da Gashuwa

Shugaban wannan taro, iyayenmu dattawan ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata da ke can ɓangarensu suna saurare, 'yan'uwanmu da suka yi sammako daga Gashuwa, matasa da sauran jama'a, muna yi wa kowa barka da zuwa. Bayan godiya ga Allah da salati ga fiyayyen halitta (SAW), kamar yadda aka sani, a zaman da ya wuce an ɗora wa wannan kwamiti aikin bincika maganar hotunan mutane da ake watsawa a intanet ba da izininsu ba, domin ya zo ya gaya wa jama'a abin da doka ta ce, da kuma abin da mutum zai yi in abin ya faɗo kansa. To mun je, mun karanta abin da za mu iya karantawa, mun zauna da lauya har sau biyu, ga shi mun dawo. Muna roƙon a yi haƙuri da mu, don wani abin da muka samo ba zai yi wa kowa daɗi ba, mu ma da muka ji shi bai yi mana ba.

Galibinku kun san abin da ya jawo maganar, amma saboda waɗanda ba su nan bari mu maimaita a gurguje, ba tare da kama suna ba. Wani ɗan'uwanmu a nan Hausari ya aurar da 'yarsa. Ya ɗauko mai hoto, ya biya shi kuɗinsa cif, aka shigar da shi har cikin gida ranar kamu da ranar wuni, inda mata suke cikin kwalliyarsu sun saki jiki. Aka yi biki aka watse. Bayan kamar wata uku sai ga hotunan a shafin mai hoton, ya jera su yana tallar aikinsa. Daga can ne wani wanda har yau ba a san ko wane ne ba ya tsinci hoton ƙanwar amarya, ya buɗe shafi da shi da wani suna daban, ya shiga hira da maza yana karɓar kuɗin kati da kuɗin mota. Wani ɗan kasuwa a Gashuwa ya gane fuskar, magana ta bi baki har ta kai gidan yaron da aka sa wa yarinyar rana da shi. Iyayen yaro suka ce a dakata tukuna. Yarinyar nan, jama'a, ko babbar waya ba ta da ita.

Uban ya tafi wajen mai hoto a fusace. Ya ce masa, 'yata ce, kuɗina ne, wa ya ba ka izini? Mai hoto ya ce, Alhaji, a yi haƙuri, amma hotona ne, ni na ɗauka, da kyamarata. Da maganar ta zo gabanmu duk mun ɗauka yaron rashin kunya yake yi. Ashe a wajen doka kowannensu yana riƙe da rabin gaskiya.

Kafin mu shiga dokar, mu ɗan waiwaya. Kakanninmu da suka biyo layin dogo daga Kano, wanda ya iso Nguru a 1930, suka zauna cikin Mangawa da Badawa suna fataucin gyaɗa da ƙaro da fatu da banda, da yawansu sun rasu ba a taɓa ɗaukar hotonsu ba, wasu ma ƙin yarda suke yi. Mu da muka taso daga baya mun san hoto a matsayin abu mai nauyi. Sai da Salla mutum zai caɓa ado ya tafi shagon mai hoto, ya tsaya gaban labulen nan mai zanen bene, ya dafa tebur mai fulawar roba, a ce ya dawo bayan kwana uku. A wanke masa kwafi biyu ko huɗu, ya san inda kowane ya tafi: ɗaya na bango, ɗaya na akwati, ɗaya an aika wa dangi a Kano ko Haɗeja. In saurayi da budurwa suka ɓata, abin da ake fara aikowa a karɓa shi ne hoto, kuma in an karɓa an karɓa ke nan. Amma ku tuna wani abu. Ko a wancan lokacin, baƙin fim ɗin da ake wanke hoton daga jikinsa a hannun wa yake zama? A hannun mai hoto. In kana son ƙari sai ka koma ka sake biya. Ba mu taɓa tambayar dalili ba, don ba ya cutar da mu. Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, daga baya masu kyamara suka biyo, sai Facebook da WhatsApp da TikTok. Yau kwafi ba shi da iyaka, kuma babu ɗan aiken da za a tura ya karɓo.

To me doka ta ce? Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ita ta maye gurbin tsohuwar dokar soja ta 1988. Hukumar da ke kula da ita kuwa ita ce Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, wato NCC. Wannan doka ta sa hoto cikin ayyukan fasaha, sahu ɗaya da zane da sassaƙa, kuma ta ce mai aikin shi ne wanda ya ɗauki hoton. Ku saurara da kyau: wanda ya ɗauka. Wanda aka ɗauka ba shi ne mai shi ba, ko da fuskarsa ce ta cika takardar. Kuma wannan haƙƙi ba sai an je an yi rajista ba, da an danna kyamara ya tabbata, yana kuma ɗaukar shekara 50 kafin ya faɗi. Mai haƙƙin shi ke da ikon ya yarda ko ya hana a kwafa, a buga, a sayar, ko a ɗora a intanet.

Kada wani ya ce ai wannan fassarar lauyanmu ce. An yi shari'a a kai. Wata mata mai suna Banire ta kai ƙarar kamfanin NTA-Star, masu StarTimes, saboda ta ga hotonta a allunan talla a wasu garuruwan ƙasar Yarbawa, ta ce ba da izininta ba, ta nemi diyyar miliyoyin naira. Ta shigar da ƙarar ne a kan an keta mata haƙƙin mallaka. Babbar Kotun Tarayya ta kori ƙarar, ta ɗaukaka, a 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin farko. Dalili? Wani kamfani daban ne ya ɗauki hoton, saboda haka shi ne mai shi, ita kuwa fuskarta ce kawai a ciki. Shekaru ta yi tana zarya a kotu, ta tashi a tutar babu, don ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba tata ba. Da ɗan'uwanmu ya bi zuciya ya ruga kotu yana cewa hotona ne, abin da zai same shi ke nan.

Amma fa mai hoto kada ya yi saurin murna. An yanke waccan shari'a ne a ƙarƙashin tsohuwar doka, kuma hoton talla ne. Sabuwar dokar ta zo da wani abu a sashe na 28 wanda a ganinmu shi ne mafi amfani ga irinmu, kuma shi ne mutane ba su sani ba. Ta ce idan mutum ya sa aka ɗaukar masa hoto ko bidiyo don amfanin kansa da na gidansa, kamar biki ko suna ko walimar sauka, to in dai ba su yi wata yarjejeniya daban ba, yana da abu biyu. Na farko, yana da izinin amfani da hoton a duk abin da ba na kasuwanci ba, ba sai ya koma wajen mai hoto neman yarda ba. Na biyu, yana da ikon ya hana a buga hoton, ko a baje shi, ko a watsa shi ga jama'a. Wato mai hoto yana nan a matsayin mai shi, amma hannunsa a ɗaure yake, kamar mai gidan da ya ba da haya, gidansa ne amma ba zai faɗa ɗakin matar ɗan haya ba. Saboda haka da Alhaji ya ce wa yaron nan wa ya ba ka izini, tambayarsa tana kan hanya. Yaron ba shi da hurumin ɗora hotunan nan a shafinsa, kuma da muka karanta masa sashen a gaban ubangidansa, a nan take ya sauke su ya ba da haƙuri. Mu kam mun gamsu cewa ba mugunta ya yi niyya ba, yana ganin abin da takwarorinsa na Kano da Kaduna ke yi ne ya kwaikwaya. Sai dai rashin niyyarsa bai mayar wa yarinya da ranar aurenta ba.

A lura, wannan kariya ta wanda ya sa aka ɗauka ce. Baƙuwar da ta zo biki aka ɗauke ta a cikin taro ba ita ta sa aikin ba, don haka sai ta bi ta hannun mai biki, ko ta bi wata hanyar da za mu zo kanta. Haka kuma kalmar nan ta yarjejeniya daban tana da haɗari. Wasu masu hoton sukan rubuta a ƙasan rasidi, da ƙananan baƙaƙe kuma da Turanci, cewa suna da damar amfani da hotunan wajen talla. Ka sa hannu ba ka karanta ba, ka ba da abin da doka ta ba ka da hannunka.

Ga kuma ɗaya gefen, wanda zai yi wa matasa daɗi. Hoton da ka ɗauki kanka da wayarka, ko wanda ka ɗauki matarka ko 'ya'yanka ko kayan shagonka, kai ne mai shi ɗari bisa ɗari, don kai ka ɗauka. Ɗora shi da ka yi a Facebook bai mayar da shi kayan kowa ba. Ka dai ba kamfanin izinin nuna shi bisa sharuɗɗan da ka amince da su ranar da ka buɗe shafi, amma wani can ba shi da damar ya kwashe ya yi talla da shi. Wannan ya shafi 'yan kasuwarmu ƙwarai. Mai kilishi ko mai bandar kifi ya ɗauki hoton kayansa ya ɗora, wani a Legas ko Fatakwal ya kwafe ya ce nasa ne, ya karɓi kuɗin mutane ya ɓace, a dawo ana zagin mutanen Nguru. Telolinmu mata su ma sun kawo irin wannan kuka a kan ɗinkunansu. Duk waɗannan haƙƙin mallaka ne tsantsa, kuma doka tana bayansu.

Akwai inda dokar ta sassauta, don kada wani ya tashi da rigimar da ba ta da tushe. Ta yarda a yi amfani da aikin wani daidai gwargwado wajen ba da labarin abin da ke faruwa, ko nazari, ko sharhi, ko karatu. In an ɗauke ka a filin Idi ko wajen hawan Salla ko taron siyasa jarida ta buga, da wuya ka sami abin kamawa.

Yanzu in kai ne mai hoton, aka ɗora ba da izininka ba, me za ka yi? Tsohuwar doka ba ta san intanet ba, sabuwar ta ware masa kashi guda, daga sashe na 54. Mai haƙƙi zai rubuta wa kamfanin da abin yake a dandalinsa takardar koke, ya faɗi ko shi wane ne, ya nuna aikin nasa, ya nuna daidai inda aka ɗora na satar, ya sa hannu. Kamfani kuma wajibi ne ya sanar da wanda ya ɗora, ya sauke abin ba da ɓata lokaci ba. Shi ma wancan yana da damar ya mayar da martani in yana ganin an zalunce shi, kuma wanda ya kai koken ƙarya da gangan zai iya biyan diyya, don haka ba abin wasa ba ne ko na huce haushi a kan kishiya. Wanda aka yi ta kamawa yana maimaitawa ana iya rufe masa shafi. A aikace ba sai ka nemi ambulan da kan sarki ba, manyan dandalin nan kowanne yana da fom na kai irin wannan ƙara a cikinsa, kuma abin da muka lura shi ne sun fi saurin amsa koken haƙƙin mallaka a kan koken an ci mini mutunci. Dalili kuwa shi ne dokar Amurka, inda yawancinsu suke, ta ɗora musu irin wannan nauyi tun 1998. Shi ya sa a maganar yarinyar nan muka juya muka nemi taimakon mai hoton da kansa. Shi ne mai hoton a doka, shi ya cika fom da sunansa, mu kuma muka sa jama'a suka kai ƙarar shafin a matsayin na bogi. Cikin 'yan kwanaki aka rufe shi. Kun ga amfanin da ba a kai ga mari ba ranar farko.

Idan abin ya wuce saukewa, kana neman diyya ko umarnin kotu na hanawa, to shari'ar haƙƙin mallaka ba ta kotun majistare ba ce, ba kuma ta kotun shari'a ta nan garin ba. Tsarin Mulki ya keɓe ta ga Babbar Kotun Tarayya, tamu kuwa tana Damaturu. Kowa ya san nisan Damaturu daga nan, ya san kuɗin mota, balle na lauya, balle ɗage zama. Ba muna hana kowa neman haƙƙinsa ba ne, amma a yi lissafi tukuna.

To wanda ba shi ya ɗauka ba, ba kuma shi ya sa aka ɗauka ba, fuskarsa ce kawai ake yawo da ita, shi ke nan ba shi da gata? Yana da shi, sai dai ƙofarsa daban ce. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa da na wasiƙunsa da maganganunsa na waya. A kan wannan aka gina Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, aka kuma kafa mata hukuma, NDPC. A wannan doka duk abin da za a iya gane mutum da shi bayaninsa ne, hoton fuskarsa kuwa yana ciki. Kamfani ko makaranta ko asibiti ko ƙungiya, har da irin tamu, ba za su yi amfani da shi ba sai da dalilin da doka ta yarda da shi, wanda galibi yardar mai fuskar ce. Kana da damar ka janye yardarka, ka nemi a goge, in an ƙi ka kai kuka hukumar. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa, iyayensa ko waliyyinsa ake tambaya. Makarantun kuɗi da ke lika hotunan 'ya'yanmu a allon talla a bakin titi su ji wannan.

Shi kuwa wanda ya buɗe shafi da fuskar wani yana damfara, laifinsa ya wuce na satar hoto. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta sa yin sojan gona da sunan wani ko kamanninsa don cuta cikin laifukan da ake ɗauri a kansu, a sashe na 22. Haka watsa hotunan batsa, haka yi wa mutum barazana don a karɓi kuɗinsa. Wannan aikin 'yan sanda ne, kuma ba ka buƙatar zama mai hoton kafin ka kai ƙara. In kuma an haɗa hoton da ƙazafi ko ɓata suna, wannan kotunanmu na nan gida suna saurare. Malamanmu suna zaune, sun fi mu sanin abin da Suratun Nur da Suratul Hujurat suka ce a kan shiga gidan mutane ba izini da ƙazafi da bin diddigin asirin mutane, ba za mu yi musu shisshigi ba.

Akwai wani nau'in da ya fi ci mana rai, 'yan'uwanmu na Gashuwa sun fi kowa saninsa. Ciwon ƙoda ya daɗe yana cin mutane a ƙasar Bade, kusan babu gidan da bai taɓa ba, kuma kuɗin jinya ya fi ƙarfin talaka. Sai dangi su ɗauki hoton majinyaci a kwance, ƙafa a kumbure, wani lokacin ko riga babu, su ɗora da lambar asusu suna neman taimakon bayin Allah. Ba mu zarge su ba, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma an kawo mana labarin wanda aka yi wa haka, ya rasu, aka yi sadakar bakwai, aka yi ta arba'in, bayan shekara ɗansa ya ci karo da hoton uban yana yawo da wata lambar asusu da wani suna, ana cewa yana asibiti yanzu haka. Ku auna abin da yaron nan ya ji. Haka aka yi da hotunan ambaliyar 2022, ana ta sake fito da su duk damina. A nan akwai hujja biyu a hannun dangi: su suka ɗauki hoton, don haka nasu ne, sa'an nan wancan damfara yake yi. Shawararmu ita ce in dole sai an nemi taimako, a nemi yardar majinyacin in yana cikin hayyacinsa, a suturta shi, a rubuta kwanan wata da lambar asusun a jikin hoton ta tsakiya yadda ba za a iya yanke su ba, in buƙata ta wuce kuma a sauke a sanar. Masu rabon kayan azumi da sai sun jera zawarawa da marayu sun ɗauke su riƙe da buhun shinkafa kafin su miƙa, su ma muna roƙonsu su duba lamarin. Wanda yunwa ta kawo layi ba zai iya cewa kada a ɗauke ni ba, shirunsa kuwa ba yarda ba ce.

Yanzu bari mu taɓa kanmu kaɗan, a gafarce mu. A cikin ƙorafe-ƙorafen da suka zo gaban kwamiti, da wuya ka sami wanda baƙo ne ya fasa waya ya sata. Ƙawar amarya ce ta ɗora a sitatus, ɗan'uwan ango ne ya tura zauren abokai, waya ce aka kai gyara ko caji aka bar ta a buɗe, memori ne aka miƙa wa mai tura waƙoƙi da fina-finai da duk abin da ke cikinsa, tsohuwar waya ce aka sayar ba a goge ba. Sai kuma saurayin da aka tura wa hoto lokacin ana ɗasawa. Iyayenmu mata, wannan taku ce, ku kuka fi kusa da su. Kuma yanzu an kai inda ake ɗaukar fuskar mutum a hoto mai mutunci, a sa na'ura ta ɗora ta a jikin da ba nata ba, ko ta sa bakinsa ya faɗi abin da bai faɗa ba. Saboda haka in an nuno maka hoton 'yar wani, kada ka yanke hukunci, kada kuma ka tura gaba wai don a gani a yi hattara. Mai turawa shi ma ya watsa, a wajen doka da wajen Allah.

In abin ya faru, abu na farko kada a yi gaggawar sa a goge. Mun ga wanda ya kira mai shafin ya zazzage shi, wancan ya share komai ya buɗe sabo, aka rasa hujja. A fara ɗaukar hoton fuskar wayar yadda sunan shafin da kwanan wata za su fito, a kwafi adireshin shafin, a adana lambar waya ko lambar asusun da yake karɓar kuɗi da ita, don ta nan ake kama su, tunda asusun banki da layin waya duk da rajista suke. A ajiye asalin hoton da ke wayar wanda ya ɗauka, shi ne shaidar mallaka. Bayan nan a kai ƙara dandalin, sa'an nan a zo wajen kwamiti. In wanda ya yi na gida ne ko ɗan gari, mun fi son a fara da mai unguwa da dattawa. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari, shekara kusan ɗari muna zaune lafiya da masu masaukinmu a ƙarƙashin Mai Nguru da Mai Bade, mun yi auratayya, ba ma son rigimar yara biyu a kan waya ta koma ta ƙabila. In kuwa ana neman kuɗi da barazanar za a saki hoto, kada a biya ko sisi, wanda ya biya sau ɗaya ya zama saniyar tatsa. A tafi wajen 'yan sanda da hujjojin, a tafi da babba. Kuma don Allah kada a fara da dukan yarinyar. Tsoron dukan nan ne yake sa su ɓoye har sai abu ya lalace.

Abin da kwamiti ya ga zai iya yi da hannunsa shi ne wannan. Doka ta ce mallakar hoto ba ta tashi daga hannun mai ɗauka zuwa hannun wani sai a rubuce, maganar baki ba ta isa ba. Don haka mun sa lauya ya tsara mana 'yar takarda, shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, wadda mai biki da mai hoto za su sa wa hannu kafin a fara aiki. Ta ce hotunan da bidiyon mallakar mai biki ne, mai hoto ba zai ɗora ko ɗaya a ko'ina ba sai wanda aka nuna masa da hannu aka ce ya ɗora, kuma zai goge na wajensa bayan ya miƙa aiki. Mun zauna da masu hoto shida na nan garin, huɗu sun yarda nan take, biyu sun ce in haka ne sai an ƙara musu kuɗi, tunda da tallar nan suke samun ciniki. Mu a ganinmu maganarsu ba ta fita hanya ba, sana'arsu ce, a daidaita da su. Mun kuma roƙi a riƙa neman mace mai ɗaukar hoto don ɓangaren mata, akwai yaranmu da suka iya, a ba su aikin. Ita ma wannan mujalla tamu daga fitowa ta gaba ba za ta buga hoton kowa ba sai an tambaye shi, kuma za ta riƙa rubuta sunan wanda ya ɗauka a ƙasa, don shi ma haƙƙinsa ne.

Game da yarinyar da muka fara da ita, an rufe shafin kamar yadda muka faɗa, lambar asusun da ake karɓar kuɗin tana hannun hukuma, kuma an tabbatar ba tata ba ce, ba ta kowa nata ba ce. Dattawa uku za su je gidan iyayen yaron ranar Juma'a bayan an sauko, da takardun a hannunsu. Muna roƙon Malam ya sa su cikin addu'ar rufe taro. Takardar yarjejeniyar tana wajen sakatare, kyauta ce, na Gashuwa kuma an ba wakilinsu na Zango kwafi hamsin ya tafi da su. Mai tambaya ya ɗaga hannu, iyayenmu mata kuma su rubuto a takarda a miƙo.